Barimar Hancin Dadi

Bangalor

Dadi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida kakana Dada, ya tarin nasa?

Sallar bana ba zan zo ba, kada ki fara. Dada ya ce in bayyana aikina yadda ko ke za ki gane, to ga shi. Roba ce mai zare iri biyu da ba sa jituwa, an ɗaure wutsiyarsu wuri guda. Tunda ba damar rabuwa, sai su jera kansu, jerin da ido ba ya gani. In sun yi sahu-sahu kamar shafukan littafi, na haska musu fitila, sai su ba da haske kore. In sun cakuɗe, hasken ya mutu. Suna cikin kwalabe ana turara su a hankali, safe da yamma sai na daidaita tururin. In na yi tafiya, danshin damina ya shige su, digirina sai baɗi.

Ki karanta wa Dada a nutse, ban da ƙarin gishirinki.

Jikarki, Sanjida

*

Bahrampur

Mokbul ɗana,

Bayan gaisuwa, da fatan kun isa Kalkata lafiya. Tun da kuka watse gidan nan ya yi min girma.

Na ji umarninka, kada a gaya wa 'yarka kakanta ya rasu sai ta gama. Na sani, haka kowa ke yi wa mai karatu. Amma kai ba ka nan lokacin da yake goya ta zuwa makaranta, yana gaya wa masu shayi wannan ce za ta zama masaniya. In ta ji bayan an yi addu'ar arba'in ba ita, takardar digirin nan ba za ta iya kallonta ba.

Wasiƙarta ta iso bayan an binne shi. Kujerarsa na karanta wa.

Matan unguwa sun cire min barimar hanci, yadda ake yi wa duk wadda mijinta ya tafi. Hudar sai iska take shiga.

Ka sa na rantse, to bakina da alƙalamina ba za su faɗa ba. Allah ya yi maka albarka, mai taurin kan ubansa.

Mahaifiyarka, Hosne Ara

*

Bahrampur

Sanjida, Likitar Roba,

Wa alaikumus salam. Ya karatu, ya ruwan sama? Kina ci kuwa, ko har yanzu wuyan nan kamar na zalɓe?

Na gane aikinki sarai, marar kunya. Abu biyu da ba sa jituwa, an ɗaure su, ba damar rabuwa, ai ni da Dadanki ke nan. Da ni kika tambaya da ba sai an kai ki Bangalor ba. Shi yana son kifi da romo, ni soyayye. Shi taga a buɗe, ni a rufe. A haka muka jera, har maƙwabta suna cewa gidan malam akwai haske. Ba su ji mu da asuba ba.

Kin tambayi tarinsa. Ya daina. Gardamar gishiri ma ya daina, na zuba son raina ba mai cewa uffan, abincin kuma ya ƙi daɗi.

Ga yajin mangwaro na aiko, kada ki raba wa 'yan ɗakinku masu zuba kwakwa a komai. A ƙasan kwalin akwai ƙullin ƙyalle. Barimata ce, wadda Dadanki ya saka min da hannunsa har ya soke ni. Ki ajiye. Ni ban ce miki komai ba, ke ce mai ilimi.

Ki kula da kwalabenki in sun fi. Allah ya ba da sa'a.

Tsohuwar da kika raina, Dadi

*

Bangalor

Dadi,

Salam. Yau da safe kwalba ta farko ta haska, kore shar, har malaminmu ya cire tabarau. Na zauna zan rubuta wa Dada sai aka miƙo min kwalinki.

Ko ranar da aka yi miki aikin ido sai da kika yi faɗa da likita a kan cire barimar nan. Yaushe ne, Dadi? Wa ya riƙe masa hannu? Ya tambaye ni?

Sauran kwalaben ba su nuna ba. Na kashe tururin da kaina. Malam ya ce na san abin da nake zubarwa? Na ce na sani.

Jirgin ƙasa na Laraba zan hau. Kada ki dafa komai.

Sanjida

*

Bahrampur

Mokbul,

Ina gaisuwa. Rantsuwata tana nan, ko harafi ban faɗa ba. Fushinka ka ajiye shi sai ka zo, ina da lokaci yanzu.

Ranar Juma'a ka je tashar jirgi ta Hawra can Kalkata ka ɗauko 'yarka. Ka tafi da laima. In ta tambaye ka ko kakanta ya tambaye ta, kada ka yi mata ƙarya, ka ce e, har muryarsa ta ɗauke.

Mahaifiyarka