Ba Zan Zo Kirsimeti Ba, Saboda Mai Walda

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya tsare fitarku da shigarku, ya ƙara muku ƙarfin jiki. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar mamanki ta yi sauƙi har ta koma ƙungiyar mawaƙa, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san babanki a aji huɗu ya tsaya, shi ma rabinsa a bakin taga na yi shi.

Na yi miki alkawarin zuwa mu yi Kirsimeti tare, ga shi zan saɓa. Kafin ki ɓata rai, ji yadda aka yi. Farkon watan nan Fasto ya ce kowa ya nemi mutum ɗaya ya kai masa bisharar haihuwar Yesu. Tun bai rufe baki ba na ɗaga hannu. Na zaɓi Mai Walda, maƙwabcin shagona, wanda shekara talatin muna raba inuwar rumfa ɗaya, ni da katako shi da ƙarfe. Kin san shi da majami'a, sai ƙofarta ta ɓalle ake ganinsa. Kin kuma san matarsa ta daɗe da rasuwa, kuma wata huɗu ke nan da ya binne Dogo, ɗansa da kuka yi makaranta tare. Na haddace ayoyi uku, mamanki tana gyara mini, na sa rigar Lahadi ranar Talata, na je na tsaya masa a ka kamar mai karanta labarai. Na ce ya yi murna, an haifa mana ɗa namiji. Uwata, mutumin da ya rasa tilon ɗansa na je wa da wannan albishir. Sai da maganar ta fita na ji ta. Ya ajiye guduma, ya ce Allah ya raya, ya ja ƙofar shagonsa. Kwana biyar ko gaisuwata bai amsa ba.

Da na gaya wa mamanki ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Tambayata kawai ta yi, wai tun rasuwar wa ke riƙe masa ƙarfe in zai yi walda. Ashe babu kowa, aikin Dogo ne. Akwai ma wata ƙofa da suka fara tare, tana jingine da bango, tsatsa ta soma cinta. Washegari na je ba aya ba rigar Lahadi, na kama gefen ƙofar na riƙe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kunna inji, ya ce in kau da kai daga wutar. Ni gwanin son gani na zuba mata ido. Kashegari na tashi ido a kumbure kamar an cusa yashi, hawaye sai zuba suke. Da ya gan ni ya yi dariya har ya zauna a kan bokiti, ya ce tunda yake bai taɓa ganin kafinta marar kai irina ba. Daga dariyar nan kuka ya ƙwace masa. Muka zauna mu biyu muna hawaye, nasa na ɗa, nawa rabi na wauta.

Can shi da kansa ya tambaye ni, wai ɗan da na zo ina murnarsa, ya ji an ce shi ma kashe shi aka yi uban yana gani, ko gaskiya ne. Ayoyina ukun duk suka gudu. Na ce gaskiya ne, Allah ya san irin zafin nan, kuma kabarin bai iya riƙe Yesu ba. Ya ce kada in sa rai zai zo majami'a. Amma ranar Kirsimeti layinmu zai cika da samari, sa'o'in Dogo, shi kuma ba ya son ya wuni a ɗaki shi kaɗai. In na taso daga sujada, in zo mu zauna.

Ban gaya masa ina da tafiya ba, na amsa. Saboda haka ki yafe mini, Uwata, ki kuma sa shi a addu'a. Ke ranar kina da miji da yara kewaye da ke. Shi kuwa ni kaɗai gare shi, kin ga iyakar rashin sa'a.

Ki gaishe mini da surukina da kyau, da amaryata mai wushirya, da Sarkin Ɓarna, ki ce kakansu na nan tafe bayan sabuwar shekara in Allah ya yarda. Mamanki da gwaggonki da Auta duk suna gaishe ku. Alherin Ubangiji ya zauna tare da ku.

Ni ne babanki,
Kafinta mai jan ido.