Talabijin Marar Ci

Zuwa ga maigidana marar cefane,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na shagon kayan wuta. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwa da ta ƙi ni.

Bayan haka, saƙonka ya iso, an rataye shi a bangon falo. Talabijin siririya kamar faranti, ba ƙeya ba tumbi. Ubanka sai washe baki yake, duk wanda ya shigo ya ce masa, "Ɗana ne ya aiko, wannan ba ta cin wuta."

Ka tuna tsohuwar, mai ƙeyar nan? Ita ta san mutunci. Da ta ɗan jima a kunne ubanka zai leƙa mita, ya dawo ya zare waya daga bango, ya ce kowa ya kama gabansa. Gaban nasu kuwa ɗakina ne. Ƙannenka su cika mini tabarma, Auta ta haye cinyata, in yi ta shirga musu ƙarya har a kira su cin abinci. Kai ma a nan ka girma, da majina har baki.

Wannan kuwa tun safe take surutu, ba mai ce mata kanzil. Ranar da ta zo ina tsakiyar labarin kurar da ta je neman aikin gadi a mahauta. Har yau ba wanda ya zo ya tambaye ni ko an ɗauke ta.

To faɗa mini tsakaninka da Allah, wutar nawa take ci? Kada ka rage mata ko kaɗan.

Ni ce matarka ta fari,
Kaka

Zuwa ga amaryata mai haƙori uku,

Na gaishe ki da girmamawa, Allah ya ba gwiwa haƙuri.

Kaka, ki kwantar da hankalinki, ba za ta talauta Baba ba. Tsohon ƙwan fitilar da ke ƙofar bayi ma ya fi ta ci. Ko wuni ta yi a kunne, mita ba za ta ji a jikinta ba. Abin da ke shan wuta shi ne duk abin da ke yin zafi, irin su dutsen guga da hita. Ki daina damuwa, ki ja kujera ki yi kallo kamar kowa.

Kurar nan kuwa na san ƙarshenta, kin ba ni shi kala huɗu.

A gaida Baba da Mama da yara.
Jikanki

Zuwa ga malamina,

Gaisuwa da fatan alheri. Karatunka ya shiga, na gode. Ai ban san dutsen guga yana da amfani haka ba.

Na aro na uwarka, na rufe ƙofa. Na goge zannuwana, na goge labule, na goge tsumman goge ƙafa, na sake komawa kan zannuwa. Kafin mako ya zagayo katin mita ya ƙare. Ubanka ya saka wani, shi ma ya bi sahu. Sai ya tsaya gaban talabijin yana huci, ya ce, "Yaron nan ya cuce ni, ashe ɓarauniya ya aiko." Ka yi haƙuri, a kanka ta faɗa. Ya zare waya, ya ce kowa ya kama gabansa.

Suka zo. Suna kumbure-kumbure, amma suka zo. Auta ta zauna a cinyata, ta yi nauyi ban sani ba. Da na kwaikwayi muryar kura ta yi dariya har da shaƙuwa. Yamma biyu na samu.

A ta uku na manta dutsen a kan zanen fita, ƙauri ya cika gida. Ubanka ya shigo, ya dubi zanen, ya dubi tsumman goge ƙafa a ninke kamar kayan zuwa ofis. Na gyara zama ina jiran faɗa. Da ya tambaye ni dalili, da na faɗa masa, ko da kunya. Bai tambaya ba. Ya naɗe waya a jikin dutsen, ya miƙa wa uwarka, ya ce da ita ƙasa-ƙasa, "Tsufa ne, Inna ta fara ruɗewa. A riƙa sa ido." Kamar ba ni a ɗakin. Ni da na yi masa tsarki.

Yanzu talabijin ta koma bakin aikinta, an kuma gargaɗi yara kada su dame ni da hayaniya, wai ina bukatar hutu. Gara a ce mini muguwa da a ce mini ruɗaɗɗiya. Kai da ka san hankalina garau yake, ka yi wa ubanka magana.

Ka huta lafiya.
Kakarka

Zuwa ga Kaka,

Gaisuwa da ban girma. Wasiƙarki ta sa ni dariya, daga baya kuma ta ba ni tausayi. Na kira Baba, na ce masa ba ruɗewa ba ce, kaɗaici ne ke damunki. Ya ce gaskiya ne, shi ma ya lura.

Mun samo mafita. Na ba direba wata ƙaramar talabijin, irin ta falo, za a kafa miki a ɗakinki. Baba ya yarda nan take tunda ba ta cin wuta. Sai ki bar ta a kunne ta riƙa ɗebe miki kewa.

Allah ya ƙara lafiya.
Jikanki

Zuwa ga jikana,

Na gaishe ka. An kafa ta, daidai inda nake jingina.

Jiya Auta ta shigo ɗakina da ƙafarta, ba wanda ya koro ta. Yayyenta sun kama ta falo suna kallon ƙwallo. Ta zauna a tabarma, ta ba ni baya, ta ɗauki rimot. Na matsa kusa, na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kaka, yi shiru mana, ba na ji."

Na yi.

Allah ya yi maka albarka.
Kaka