Ƙwaryar Dada Tana Ɗakina

Zuwa ga aminina Hamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ya yalwata maka makwanci.

Na iso gida hutu ran Talata. Hanyar da ka sani ce: jirgin ƙasa zuwa Makurɗi, jirgin ruwa zuwa Lau, sai babbar motar da ta kafe sau biyu a taɓo kafin Jalingo. Akwatinka na ƙarfe yana tare da ni, ban bar kowa ya ɗauke shi ba.

A gidanmu na unguwar Turaki murna ake yi. Baba ya yanka rago don na ci jarrabawa, abokansa na kasuwa sai zuwa suke ganin ɗan jami'a. Ina cewa alhamdu lillahi, kuma har zuci nake faɗa. Amma wallahi ko yanka ɗaya na naman ban ci ba. Bara mu biyu aka raka, bana ni kaɗai aka tarya.

Yau kwana huɗu ban je unguwarku Mayo Gwoi, hayin rafi, gai da mahaifiyarka Dada ba. Sau biyu ina kaiwa bakin rafi ina juyowa. Na san dariya za ka yi, ka ce, "Bakano, bakinka ya fi zuciyarka girma."

Ba labarin rasuwar nake tsoron kaiwa ba. Wayar tangaraho ta riga ni, malamin ofishin Di'o ya karanta mata tun watan jiya. Tambaya ɗaya nake gudu: shin ina kusa da kai lokacin da rai ya yi halinsa?

Ba na nan, Hamman. Kai ka kore ni. Kwana shida ina jinyarka a asibitin makaranta, safiyar jarrabawar ƙarshe ka ture hannuna ka ce, "Tashi, malalaci, je ka rubuta. Ni ina za ni?" Na tafi. Ina can ina cika takarda, ina ma jin daɗin tambayoyin sun zo da sauƙi. Da na dawo an ja labule.

Akwai alherin da nake so ta ji. Abokin ɗakinka, Bayaraben nan da kake tsokana kan barkono, shi ya riƙe hannunka ya laƙƙana maka kalmar shahada. Mutanenmu na zango, unguwar Hausawan garin, suka yi maka wanka da sutura. An riga an ba da hutu, kaya a ɗaure, amma ɗalibai suka bar jirgi ya tafi. Kiristocin cikinsu suka tsaya bakin maƙabarta cikin ruwan sama har aka gama. Baturen da ke koyar da mu lissafi ya cire hularsa don girmamawa. Ban san yadda zan gode wa mutanen nan ba, kuma duk sanda na tuna su sai in ji kunyar kaina.

Ka san halin Dada. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ba ta taɓa kamawa ba, sai "wancan". Ba za ta yi kuka a gabana ba. Da za ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ɗazu da hantsi mai tallan nono ta yi sallama, ta sauke ƙwaryar fura, irin wadda Dada ke aiko mana kowane hutu. Da ludayi biyu take sakawa. Yau ɗaya ne. Saƙonta kuwa, a gaya wa abokin wancan ta gode wa Allah da ya dawo da shi lafiya, kuma ƙwarya ba ta da ƙafa.

To, ka ji. Na sha furar har ƙasa, ina sha ina hawaye. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗora ƙwaryar kan akwatinka in haye rafi. In ta tambaya, gaskiya zan faɗa mata, har da maganar da ka kore ni da ita.

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Dada haƙuri, ni kuma ya ba ni ƙafafun zuwa.

Naka har abada,
Sani, malalacinka