Jirgi ga Yayir, Taru ga Matta

Ni Shifra 'yar Halfai, ta Kafarnahum, na rubuta wannan cikin hankalina. Jikina kaɗai zazzaɓin ya ci. Zuwa gare ku Yayir da Matta da Tabita, ƙannena da na raina bayan rasuwar iyayenmu. Ba ni da wasu 'ya'ya sai ku.

Na ɗaya. Tabita, fitilar Kaka Hulda taki ce. A haskenta muke gutsura gurasa ranar farko ta mako. Kaka ta ga Yesu da idonta a bakin tafkin nan, tana cikin gyaran kifi. Da aka gicciye shi mutane suka ce magana ta ƙare. Ita kuwa ta tsaya a kan ya tashi daga matattu, kuma shi ne Almasihun da annabawa suka faɗa. Takan ce, "Mai takobi muka sa rai, Allah ya aiko mai ɗaukar wahalarmu." Gidanmu yana cikin na farko da suka faɗi haka a garin nan. Kada ki taɓa sunkuyar da kai saboda wannan.

Na biyu. Ku mayar wa Inna Salomi tulunta, cike da man zaitun.

Na uku, kuma shi ne ya fi damuna. Yayir, ka koma majami'ar Yahudawa wajen Baffa Tolmai kana cewa, "Wane irin Almasihu ne, ga sojan Roma har gobe yana cin kifinmu?" Matta, kai kuma ka ce masa a gaban jama'a, "To sarkin yaƙi, zauna nan ka jira doki." Tun Idin Ƙetarewa ba ku ci a kwano ɗaya ba. Ni a kan maganar Kaka zan mutu, da alfaharina. Amma Yayir ba maƙiyi ba ne. Alkawari ɗaya muke riƙe da shi: shi yana jiran zuwan Almasihu, mu muna jiran dawowarsa.

Na huɗu. Baba ya bar kayan kamun kifi a hannuna har ku girma. Kun girma. Jirgin na Yayir ne, tarun na Matta. Ban yarda a sayar ba, ban yarda a yi musaya ba. Wanda yake son kifi ya je ya ƙwanƙwasa wa ɗan'uwansa.

Allah na Ibrahim ya yi muku albarka, ya tsare Tabita a tsakaninku. Ku yi gardamarku a tsakiyar ruwa, ku dawo gida tare.