Suɗaɗɗiyar Taya

Daren Laraba, Choggu

Yau ana ruwa na taka birki a Gumbihini, motar ta zame ta bugi babur ɗin wata mai goyo. Allah ya tsare, gwiwa kawai ta kurje. Ashe tayar da na saya shekaranjiya suɗaɗɗiya ce, aka sake yanka mata zane da wuƙa.

Na koma wurin mai tayar, na ci kwalarsa, na maka shi da bango. Bai rama ba. Ya tofar da jini ya ce, "Massa, na nuna maka mai riƙe titi, mai ƙarko. Kai ka ce in kawo ta araha."

Wallahi haka na ce. To yanzu wa zan daka?