Rabin Ƙosan Nasiha

Maman Nasiha,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ko da ba za a amsa ba. Tunda kin toshe lambata, ga takarda, ita ba ta tosuwa.

Kasuwarmu ta kayan gyaran mota, Abossey Okai, ta mutu murus. Ko ƙusar taya ban sayar ba makon nan, ƙudaje ma sun daina leƙo shagona. Kuɗin ciyar da 'yarmu da aka yanka mini ranar da muka rabu sun fi ƙarfin wuyana. Na roƙi Malam Saaka, limamin da ya yanka su, ya sake zama da mu ranar Juma'a a unguwar Nima. Ki zo, amma ki bar hararar a gida.

Ki gaida gimbiyata.

Naki na da,
Muftahu

Baban Nasiha,

Wa alaikumus salam. Sannu da wasa. Rigar da ka sa gaban Malam na san ta, da ita kake goge baƙin mai. Silifa ɗaya ja, ɗaya shuɗi, har da tarin ƙarya. Malam ya tausaya ya rage rabi, ni kuma na rufa maka asiri.

Sai dai Nasiha ta hango ka ta taga, kuma ta ji hukuncin. Washegari ta raba ƙosanta biyu, ta ce, "Malam ya ce rabi. Wannan na Baba ne, ya rame." Haka take yi da tuwo, haka da wake da shinkafa. Na lallashe ta, na yi faɗa, ta ƙi. Yarinya 'yar shekara biyar tana tafiya makaranta da rabin ciki. Ga ƙullin da ta ce in aiko maka.

Ka huta lafiya.
Hamdia

Maman Nasiha,

Salamu alaikum. Na kwance ƙullin a shago, makanikai sun zagaye ni suna jiran abin dariya. Rabin ƙosai, ya bushe, ga sawun haƙoranta a gefe. Ni da na haddace izu goma ana zane ni, ban taɓa jin wa'azin da ya shige ni haka ba. Subhanallahi! Wa ya koya mata? Ba ni ba dai. A ina Allah ya ɗebo irin wannan zuciya ya saka a gidan ɗan iska irina?

Na koma wurin Malam da farar shaddata. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Muftahu, arziki cikin sauri haka?" Na faɗa masa komai. Ya mayar da kuɗin yadda suke a da, ya ƙara mini da sharar masallaci.

Don Allah ki gaya mata Baba ya ƙoshi. Ta ci abincinta.

Muftahu

Baban Nasiha,

Wa alaikumus salam. Na gaya mata. Ta ce sai ta gani da idonta. Ka zo gidanmu a Maamobi gobe da hantsi, ka zauna gabanta ka ci har ta yarda. Yau ma rabi ta ci.

Kada ka makara.
Hamdia