Hoton da ka aiko a ɗauka

Zuwa ga yayana Mu'tasim,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Ma'an, da fatan kai da matarka Rula kuna lafiya, Allah Ya ƙara muku kwanciyar hankali a wannan Jamus da ta riƙe mana kai. Mu nan alhamdulillahi, yara suna makaranta, maigidana Abu Rakan yana fama da gwiwarsa. Baba kuwa yana asibiti a Aƙaba da robar iska a hanci, kuma dalilin wannan takarda ke nan.

Kwanakin baya ɗanka Lais ya iso da kyamarorinsa, mun yi masa mansaf, shinkafa da naman rago da muke ci da hannu, ya tsakura da cokali. Ya ce kai ka turo shi ya ɗauko hoton tsohon jirgin ƙasan nan na Wadi Rum da ake ɗora 'yan yawon buɗe ido, wanda Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ba wa wuta. Da Baba ya ji sunanka sai ya miƙe, ya sa na fito masa da tsohuwar hularsa ta aiki. Na tuna masa likita ya hana shi ko hayaƙin murhun gahawa. Ya ce in rufe masa baki, ɗansa na fari ne ke son ganinsa a bakin aiki.

Ka san yadda masu hoto ke yi. Sukan jeru a kan tudu, jirgi ya ja da baya, ya sake tahowa, a tuttula masa baƙin mai don hayaƙi ya turnuƙe. Lais ya roƙi direba, aka ɗora Baba a gefen wuta. Jirgi ya wuce, ɗanka ya ce hayaƙin ya yi fari, a sake. Aka sake, ya ce iska ta karkata shi. Ina jiyo tarin Baba daga inda nake tsaye, na ce ya isa haka, Lais ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Gwaggo, matsa, inuwarki na shigo min." Duk wucewa sai tsohon nan ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu, fuska baƙi ƙirin, yana murmushi. A ta ƙarshe bai leƙo ba. Mutum biyu suka sauko da shi.

Wucewar ƙarshen nan ce kuma ta fi kyau a hoto, in ji ɗanka, don babu hannu da ya ɓata ta. Ita ya tura maka, na ga ka sa ta a shafinka ka rubuta "gadonmu". Wallahi na ji kunya a madadinka, tunda kai ba ka da lokacin ji.

Jiya Baba ya cire robar ya tambaye ni, "Nisrin, yayanki ya gan ni?" Na gaji da yi maka ƙarya, sai na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana jan hoton da yatsa yana neman kansa. Daga baya ya ce hayaƙin ya yi kyau, ya juya bango. Bai sake ambaton sunanka ba, ni ma ban tuna masa ba.

Abu Rakan yana gaishe ka, da yarana Rakan da Tala, da Gwaggo Fidda. A gaida Rula. Baba bai ba ni saƙo ba.

Ƙanwarka,
Nisrin